Waswasi Mai Rinjaye Da Atisayen Ƙwaƙwalwa A Waya: Nafila Ce Ko Farilla?



'Yan uwa, akwai wata tambaya da ta fara yawa a bakin matasanmu masu fama da waswasi, musamman 'yan boko masu bibiyar intanet. Cewa suke: "Malam, wai an fito da manhajar waya da ake horar da ƙwaƙwalwa da ita, mutum ya rabu da waswasi ba sai ya je asibiti ba. Da gaske ne?" Amsar a gajarce ita ce: manhajojin suna nan, an yi bincike a kan wasunsu, wasu ma sun nuna alamar amfani. Amma matsayinsu a wajen magani matsayin nafila ne a kan farilla, kuma kowa ya san wanda ya kwana yana ƙiyamul laili bai sauke sallar Asuba daga wuyansa ba. To amma gajeriyar amsa ba ta cika gamsar da mai waswasi ba, don haka bari mu ɗauko mas'alar daga tushe.

Da farko mu bambance abu biyu. Akwai tunanin banza da yake faɗo wa kowa a zuciya ba da gayyata ba: kana tsaye a bakin rijiya zuciyarka ta ce "da za ka faɗa fa?", ko kana cikin sallah wata mummunar magana ta gifta. A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a kan ɗaliban jami'a 777 a ƙasashe 13, aka tarar kusan 94 cikin 100 nasu suna samun irin wannan tunani. Kenan zuwan tunanin ba shi ne ciwon ba. Sahabbai ma sun kai wa Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam kukan cewa suna jin abubuwa a zukatansu da suke ganin girman furta su, kuma kamar yadda Muslim ya ruwaito, bai tuhume su ba, sai ma ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa abin alama ce ta imani.

Ciwon shi ne abin da likitocin Larabawa suke kira al-waswasul ƙahri, Turawa kuma suke taƙaita sunansa da OCD. Ƙafa biyu yake tsayawa a kai. Ƙafa ta farko tunani ne mai naci da yake dawowa yana tayar da hankali. Ƙafa ta biyu aiki ne da mutum yake jin dole sai ya yi shi kafin hankalinsa ya kwanta. Kun san su, wataƙila ma a gidanku akwai: wanda zai shiga banɗaki tun kiran farko bai fito ba sai an tayar da iƙama; wanda zai yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya ɗago daga ruku'u; matar da take sake wanke kwanukan da ta riga ta wanke don wai najasa ta fantsamu; ɗan kasuwar da zai koma shago sau biyar ya taɓa kwaɗo; magidancin da yake tambayar kansa dare da rana ko maganar da ya yi jiya ta zama saki. Likitoci suna ɗaukarsa ciwo idan yana cin fiye da awa guda a kullum, ko yana hana mutum karatu, sana'a ko zaman iyali. Yana kama tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin kowane 100 a tsawon rayuwa, kuma yawanci a ƙuruciya ko farkon samartaka yake somawa.

Ku fahimci yadda tarkon yake aiki, don duk sauran darasin a kansa ya ginu. Shakka ta zo, hankali ya tashi, mutum ya sake alwala, sai ya ji sanyi a ransa. Wannan sanyin shi ne gubar. Ƙwaƙwalwa ta koyi cewa sake alwalar ne ya cece ta, don haka gobe za ta kawo shakkar da ƙarfi ta nemi a sake. Kamar susar ƙazuwa ne: daɗi na minti ɗaya, gyambo na wata guda. Haka nan kokawa da tunanin don a kore shi ba ta aiki. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya nuna haka a 1987: ya ce wa mutane su yi ƙoƙarin kada su tuna wata farar dabba na 'yan mintuna, sai ga shi ita ce ta yi ta dawo musu, bayan an ɗage hanin ma abin ya ƙaru.

Malamanmu ba su jahilci wannan ciwo ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya ware babi a kan waswasin zuciya a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya ɗauke shi a matsayin cuta mai neman magani, ya kuma ja kunnen mai ita game da kaɗaici da zaman banza. Ibnul Jauzi ya yi magana a kan masu waswasin tsarki da niyya a Talbisu Iblis. Ibnu Ƙudama ya rubuta risala sukutum a kansu. Amma abin da ya fi ƙayatar da ni yana cikin littattafan da muka karanta a zaure tun muna yara. A mazhabar Malikiyya, wanda ya tabbatar ya yi alwala sannan ya yi shakkar ko ta karye, sai ya sake. Wannan hukuncin mai lafiya ne. Amma fuƙaha'u suka cire mutum ɗaya daga ciki, suka ba shi suna: mustankahi, wato wanda shakka ta aure shi, take zuwa masa kullum ko da sau ɗaya ne. Shi wannan ba a ce ya sake ba. An umarce shi ya yi watsi da shakkar ya wuce. A sallah ma haka: ba zai kawo raka'ar da yake shakka a kanta ba, sai ya yi sujada ba'adi kawai. Duba Ahalari da Risala, za ka same shi. Kuma asalin wannan yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a sallah, aka hana shi fita sai ya sami tabbaci na ƙara ko wari.

Riƙe wannan hukunci a hannu ɗaya, ka zo mu duba abin da asibiti yake yi. A 1966 wani masani a Landan mai suna Victor Meyer ya gwada wata hanya a kan marasa lafiya biyu da ciwon ya ci ƙarfinsu: a kusantar da su ga abin da suke tsoro, sannan a hana su yin aikin da suka saba yi don samun sanyi. Daga nan aka gina maganin da yau ake kira ERP, wato fuskantar abin tsoro tare da kame hannu. Mai tsoron najasa zai taɓa marfin ƙofar banɗaki ya zauna bai wanke hannu ba. Mai waswasin alwala zai wanke kowace gaɓa yadda Sunna ta tsara ya tashi, ko da zuciyarsa tana ihun cewa gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. Hankali zai tashi, ƙwarai kuwa. Amma idan aka daure, tashin hankalin yana sauka da kansa, ƙwaƙwalwa ta koyi sabon darasi: ban sake ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Ana farawa da mai sauƙi a hau zuwa mai wuya, mataki-mataki, tare da ƙwararre, yawanci zama 12 zuwa 20. Ka ga kamar hukuncin mustankahi ne aka mayar da shi jadawali.

Kusa da wannan akwai ƙwayoyi, irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine. Rubuta su aikin likita ne, ba na limami ko mai kemis ba. Abu biyu kawai zan ce a kansu: suna ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken aikinsu, don haka wanda ya sha na sati biyu ya ce ba sa yi bai yi musu adalci ba, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. Waɗannan biyun, ERP da ƙwaya, su ne farillar. Sai dai ba kowa suke warkarwa gaba ɗaya ba. Kusan rabin masu shan ƙwaya ba sa samun sauƙin da ake buƙata, wasu kuma suna guje wa ERP saboda ɗacinsa. Wannan giɓin ne ya sa masana suke neman abin da za a ƙara a kai, kuma ta nan atisayen ƙwaƙwalwa ya shigo.

Menene hujjar masu wannan tunani? Sun lura cewa masu wannan ciwo, a jimlace, suna da ɗan rauni a abubuwa biyu: taka birki, da sauya hanya. Akwai wani gwaji da ake yi a kwamfuta. Kibiya za ta riƙa fitowa, in ta nuna dama ka danna dama, in ta nuna hagu ka danna hagu, da sauri. Amma jefi-jefi, bayan kibiyar ta fito hannunka ya riga ya ɗauki hanya, sai a buga wata ƙara, ma'ana tsaya, kar ka danna. Ana auna tsawon lokacin da ƙwaƙwalwarka take ɗauka kafin ta janye umarnin da ta riga ta bayar. Masu OCD sukan fi sauran mutane jinkiri a nan. Abin mamaki, a 2007 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Samuel Chamberlain, sun tarar har 'yan uwansu na jini da ba su da ciwon suna da irin wannan jinkirin. Sai aka ce: to in birki ne ya yi sanyi, me zai hana a riƙa motsa shi kullum kamar yadda ake motsa jiki, ko ya yi ƙarfi?

Daga nan manhajoji suka rarrabu. Wasu wannan gwajin birkin ne aka mayar wasa, kana yi yana ƙara wuya. Wasu kuma hankali suke horarwa ya daina manne wa abin tsoro: za a nuna maka kalmomi biyu a fuskar waya, ɗaya ta ƙazanta ɗaya ta yau da kullum, sannan alamar da ake so ka bi ta riƙa fitowa a gurbin ta yau da kullum ɗin, sau ɗaruruwa, har idonka ya saba kauce wa waccan. Sadia Najmi da Nader Amir sun gwada wannan a Amurka a 2010 a kan ɗalibai masu tsoron ƙazanta, kuma waɗanda aka horar sun fi iya kusantar abubuwan da suke ƙyama bayan atisayen. Akwai kuma masu horar da fassarar da mutum yake yi wa tunaninsa: jimloli za su riƙa fitowa, ka ture mai cutarwa da yatsa, ka jawo mai amfani zuwa gare ka, minti 3 a rana na kwana 15. An gwada irin wannan a kan ɗaliban jami'a a Sifen.

Wanda jaridu suka fi yayatawa shi ne na Kambirij a 2018, na Baland Jalal da Barbara Sahakian da abokan aikinsu. Sun ɗauki mutum 93 masu tsananin tsoron ƙazanta, suka raba su gida uku. Gida na farko suna kallon bidiyon kansu suna wanke hannu, na biyu suna kallon kansu suna taɓa abu mai kama da ƙazanta, na uku suna kallon kansu suna motsa hannu kawai. Sakan 30, sau 4 a rana, na mako guda, a wayarsu. Gida biyun farko suka sami raguwar alamomin, suka kuma inganta a gwajin sauya hanya.

Labari mai daɗi, ko? To yanzu mu yi masa irin karatun da muke yi wa isnadi. Su waye aka gwada? A mafi yawan waɗannan bincike, ɗalibai ne ko mutane masu alamomi, ba marasa lafiyar da likita ya tabbatar musu da ciwon ba. Mutum 93 ɗin nan ma haka suke. Tsawon wane lokaci? Mako ɗaya, mako biyu, alhali ciwon na shekaru ne. Su nawa ne? Gommai, ba dubbai ba. Kuma ni a ganina, kallon bidiyon wanke hannu yana da wani haɗari da ya kamata a sa wa ido: mai waswasi zai iya mayar da kallon ya zama sabon wankin, ya bar buta ya kama waya.

Sannan ga babbar illar da take bin duk wani atisayen ƙwaƙwalwa, wato ko ƙwarewar da aka samu a wasa tana tsallakawa zuwa rayuwa. A 2010 mujallar Nature ta wallafa binciken Adrian Owen da aka yi tare da BBC, a kan mutum 11,430 da suka yi mako 6 suna irin waɗannan wasanni. Sun ƙware a wasannin da suka yi, amma ƙwarewar ba ta bi su zuwa wasu ayyukan tunani ba, har masu kama da wasannin. A 2016 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin manhajar Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi alƙawarin abin da babu hujja a kansa. Saboda haka iya tsayar da yatsa idan waya ta yi ƙara abu ne daban, iya ajiye buta bayan wanki na uku abu ne daban. Ana fatan na farko ya taimaki na biyu. Fata kuwa ba ta zama dalili.

A nan sai na yi wani rarrabewa da mutane suke cakuɗawa. Ba duk abin da yake cikin waya ne wasan ƙwaƙwalwa ba. Akwai ERP ɗin kansa da ake bayarwa ta intanet, da darussa da aikin gida da ƙwararren da yake bibiyarka ta saƙo. A cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, Erik Andersson da abokansa sun gwada wannan a 2012 a kan marasa lafiya 101 na tsawon mako 10. Kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin sun sami sauƙi na a zo a gani, a ɗaya ɓangaren da aka ba su tallafin hira kawai kashi 6 ne. Wannan ba nafila ba ce, farillar ce aka kawo ta wata hanya. Idan za ka nemi wani abu a waya, irin wannan ya fi cancantar kuɗin datarka.

To duk da haka me ya sa ban ce a watsar da atisayen ba? Saboda halin da muke ciki. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kaɗan a kan mutane sama da miliyan 200, waɗanda suka iya ERP kuwa sun fi haka ƙaranci. Wanda ya ga likita yau, wataƙila sai bayan wata guda zai sake ganinsa. A tsakanin nan, abu mai arha da zai tuna masa kullum cewa yana cikin jinya, ya ba shi minti biyar na horon kame kai, ba abin rainawa ba ne, matuƙar an san matsayinsa. Sai dai a sani, yawancin manhajojin da Turanci suke, kuma ba don mai waswasin istibra'i ko niyya aka tsara su ba. Wannan aiki ne da yake jiran matasanmu masu ilimin kwamfuta su zauna da likitoci da malaman fiƙihu.

Wanda zai yi amfani da su, ga sharuɗɗan da nake ganin sun wajaba. Ya sanar da likitansa, kada ya ajiye ƙwaya ko zaman ERP saboda su. Ya yanke musu lokaci, misali minti biyar bayan La'asar, in lokacin ya cika ya rufe ko da bai gamsu da makin da ya ci ba. Wannan sharaɗin shi ne mafi muhimmanci, domin wannan ciwo ɗan kutse ne, duk abin da ka kawo don yaƙarsa yana iya mayar da shi makaminsa. Idan ka ga kana maimaita atisayen har sai ka ji "ya yi daidai", ko kana ɗauko wayar duk lokacin da shakka ta taso don ka ji sanyi, to manhajar ta zama buta ta biyu. Kuma a auna amfaninta da rayuwa, ba da makin wasa ba: minti nawa alwala take ci yanzu? Sallar jam'i nawa ka samu da kabbarar farko a wannan makon? Likitoci suna da nasu ma'aunin, na Yale-Brown, tambayoyi 10 da maki daga 0 zuwa 40, amma kai agogo ya ishe ka. Kuma ga wani ma'aunin daga Sunna: Anas ya ruwaito cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam yana alwala da mudu guda, abin da bai fi ledar fiya wata ɗaya da ɗan ƙari ba.

Tunda maganar waya muke, bari in taɓo wani abu da ya shafe mu mu malamai kai tsaye. Neman tabbaci shi ma aikin tilas ne, daidai yake da sake alwala. Mai waswasi zai tura wa malami tambaya, a ba shi amsa, ya ji sanyi na awa biyu, sannan ya sake turo ta da ɗan canji: "Amma Malam, in da a ce ɗigon ya taɓa gefen wandon fa?" Daga nan ya tura wa malami na biyu da na uku, ya shiga Google, yanzu ma har manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira yake tambaya, su kuwa ba sa gajiya, ba sa cewa ya isa. Ni ƙa'idata ita ce in amsa sau ɗaya, dalla-dalla, in ce ya rubuta ya ajiye. In ya dawo da ita a sabuwar riga, sai in ce: amsar jiya tana nan. Ba rowar ilimi ba ce. Iyaye da mata da miji su ma su riƙe wannan: duk ranar da ka tsaya kana yi masa shaidar cewa ya wanke ƙafarsa, ciwon ka ciyar. Ka zaɓi malami ɗaya da ka yarda da shi, ka tsaya a kan fatawarsa. Shakkar ko ka yi saki ba ta raba aure. Tunanin kafirci da kake ƙi ba ya fitar da kai daga Musulunci, domin hadisin Abu Huraira ya tabbatar an yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta ko an aikata ba.

Addu'a da neman tsari kuwa ba sa karo da asibiti, a haɗa su. Amma ko a nan a lura: neman tsari yadda ya zo a Sunna ibada ce, maimaita shi sau ɗari da jin cewa in ba a cika adadin ba wani mugun abu zai faru, wannan ciwon ne ya sa rawani.

Wanda abin ya kai shi ga barin sallah saboda wahalar tsarki, ko barin makaranta ko aiki, ko baƙin ciki ya lulluɓe shi har yana tunanin gara mutuwa, wannan ba maganar manhaja ba ce, a kai shi asibiti a wannan makon, in tunanin kashe kai ne a yau ɗin nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. In ka je, ka faɗa wa likita tunanin kamar yadda yake, har wanda kake jin kunyarsa, ka faɗi awa nawa yake ci maka a rana, sannan ka tambaye shi kai tsaye ko akwai wanda ya iya ERP a wurin. In kana da wata manhaja a wayarka, ka buɗe ka nuna masa a wannan zaman.

Wallahu a'alam.